Rama Sarkin Ayodhya: Tambayoyi da Amsoshi a kan Mulki da Cika Alkawari

Wanda duk ya girma da kallon finafinan Indiya ya sha jin sunan Ram, ko a bakin masu gaisawa, ko a bakin tsohuwa in wani abu ya faɗo mata. Kaɗan ne daga cikinmu suka san wane ne mai sunan, da dalilin da ya sa har gobe ɗaruruwan miliyoyin mutane ke ɗora shugabanninsu a kan ma'auninsa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Wane ne Rama, a ina kuma aka samo labarinsa?

Rama shi ne gwarzon Ramayana, wata doguwar waƙa da aka tsara da harshen Sanskrit, wadda al'adar Hindu ke jingina wa wani malami mai suna Valmiki. Baitocinta sun kai kimanin 24,000, an kasa su littattafai bakwai. Masana sun tafi a kan cewa ba a zama ɗaya aka tsara ta ba. Gangar jikinta ta girmi haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka, aka yi ta ƙari a kai har bayan haihuwarsa, kuma da yawa daga cikinsu na ganin littafin ƙarshe da wani sashe na littafin farko daga baya suka shigo. A riƙe wannan, zai yi amfani idan mun zo kan maganar Sita.

A cikin labarin, Rama shi ne babban ɗan Dasharatha, sarkin ƙasar Kosala, wanda ke zaune a birnin Ayodhya a bakin kogin Sarayu, cikin jihar da yau ake kira Uttar Pradesh a arewacin Indiya. Kausalya ce ta haifi Rama, Kaikeyi ta haifi Bharata, Sumitra kuma ta haifi Lakshmana da Shatrughna. Rama ya auri Sita, 'yar Janaka sarkin Mithila, bayan ya ɗaga wani ƙaton baka da ya gagari sarakuna, ya ja shi har ya karye.

Mutum ne ko abin bauta?

A wurin mafi yawan mabiya addinin Hindu duka biyun ne. Sun yi imani cewa Vishnu, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, shi ne ya sauko duniya a siffar ɗan Adam, kuma Rama ne na bakwai a cikin saukowarsa goma. Ta fuskar tarihi kuwa, babu wani rubutu na zamaninsa da ke tabbatar da rayuwarsa, daga waƙar aka san shi.

Abin lura shi ne yadda Valmiki ya bar shi ya rayu rayuwar mutane. Yana kuka, yana fushi, ana yaudararsa, ya kuma taɓa yin sambatu a daji yana tambayar itatuwa ko sun ga matarsa. Ko a ƙarshen yaƙin ƙwato ta, da allolinsu suka taru suna gaya masa asalinsa, cewa ya yi shi dai ya ɗauki kansa mutum ne, Rama ɗan Dasharatha. Wannan ne ya sa ya zama ma'auni. Mabiyansa suna yi masa laƙabi da Maryada Purushottama, wato mafificin maza wajen tsayawa a kan iyaka, suna kuma cewa shi ne dharma a cikin jikin mutum. Dharma ita ce abin da ya wajaba a kan kowa gwargwadon matsayinsa: ɗa da nasa, miji da nasa, sarki da nasa. Rama yana riƙe da dukkan matsayin nan, kuma labarinsa daga farko har ƙarshe karo ne tsakanin wajibi da wajibi.

Me ya sa ya bar gadon sarauta ana gobe za a naɗa shi?

Dasharatha ya tsufa, ya tara majalisa, aka amince a naɗa Rama magaji. Gari ya ɗauki shirin biki. A lokacin Bharata ba ya nan, yana can ƙasar Kekaya wurin dangin uwarsa. Sai wata kuyangar Kaikeyi mai suna Manthara ta shiga ɗakin uwargijiyarta. Da farko Kaikeyi murna ta yi da labarin, har ta ba kuyangar tukwici, domin ba ta bambanta Rama da ɗanta. Manthara ta yi ta hura mata wuta: in Rama ya hau, ke za ki koma baiwar kishiyarki, ɗanki kuma ba zai kwana lafiya ba. Har ta shawo kanta.

Shekaru da suka wuce Kaikeyi ta taɓa ceton ran sarki a fagen yaƙi bayan an yi masa rauni, shi kuma ya yi mata alkawarin biya mata buƙata biyu duk ran da ta so. A daren nan ta fito da su. Ta farko, a naɗa Bharata. Ta biyu, Rama ya tafi dajin Dandaka ya zauna shekara 14 cikin tufafin ɓawon itace. Sarki ya roƙe ta, ya zage ta, ya faɗi a ƙafafunta, ta ƙi sauka. Da safe aka kira Rama, uban ya kasa buɗe baki, ita ce ta faɗa masa. Bai nemi ƙarin bayani ba, ya ce yau ɗin nan zai tafi. Sita ta ce ƙafarta ƙafarsa, duk da ya so ya bar ta a gida, Lakshmana ma ya ce ba a barinsa.

Ba wauta ba ce? Ai uban ma bai so ya tafi ba.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce, a cikin waƙar kanta aka fara yin ta, kuma mutanen da suka fi kowa son Rama ne suka yi ta. Lakshmana ya ce sarki ya tsufa, mace ta juya masa hankali, bai kamata a bi umarnin da ba shi da kan gado ba, ya ce a bar shi da bakansa ya ƙwace garin. Kausalya ta ce in uba yana da hakki uwa ma tana da shi, ita kuma ba ta yarda ba. Dasharatha da bakinsa ya ce wa Rama ya tsare shi ya hau gadon da ƙarfi. Daga baya wani malamin fada mai suna Jabali ya zo masa da hujja mafi kaifi: mutum shi kaɗai ake haifarsa, shi kaɗai yake mutuwa, babu wata duniya bayan wannan, don me za ka wahalar da kanka saboda maganar wanda ya riga ya mutu?

Amsar da Rama ya ba Jabali ita ce ginshiƙin fahimtarsa ta sarauta. Ya ce yadda sarki yake haka talakawa za su zama. In shi, wanda kowa ke kallo, ya karya alkawari don ya ga riba, to ya buɗe wa kowa ƙofa. A ganinsa abin da ake ƙoƙarin tsarewa ya wuce biyayyar ɗa ga uba, maganar sarki ce ke kan sikeli. In kalmar da ta fito daga bakin sarkin Ayodhya za ta iya warwarewa ran da ta yi masa nauyi, babu wata yarjejeniya da ta rage a ƙasar. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke ambata ba: Rama ya gaya wa Bharata cewa tun lokacin auren Kaikeyi uban nasu ya yi wa mahaifinta alkawarin ɗanta ne zai gaje shi. Ke nan bashin ya fi yadda ake zato tsufa.

Ni dai a nan ina tare da Rama. Mutumin da jama'a ke so, sojoji ke bayansa, uba ya ce masa ƙwace, ya kuma ƙi, ya yi abin da ba kasafai ake gani ba a tarihin masu mulki. Amma kada a ce tafiyar ba ta ci kowa ba. Kwanaki kaɗan bayan fitarsa baƙin ciki ya kashe Dasharatha, babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa huɗu a kusa da shi, sai da aka ajiye gawar a cikin mai kafin Bharata ya iso.

Shi Bharata ya karɓi sarautar?

Bai karɓa ba. Ya dawo ya tarar uba ya rasu, wa yana daji, uwarsa tana jiran ya yi mata godiya. Ya yi tir da ita, ya kwashi iyayensa mata da malamai da runduna ya bi sawun Rama har dutsen Chitrakuta. Lakshmana da ya hango ƙura ya zaci yaƙi aka kawo musu. Ashe roƙo aka zo yi. 'Yan'uwa biyu suka zauna gaban jama'a, kowa na tura wa ɗan'uwansa sarauta, wannan ya ce Yaya taka ce, wancan ya ce Baba ya riga ya yi magana.

Da Bharata ya ga ba zai yi nasara ba, sai ya roƙi takalman Rama. Ya ɗora su a kansa ya koma, ya ƙi zama a fada, ya tare a wani ƙauye mai suna Nandigrama, ya aza takalman a kan gadon sarauta aka riƙe musu laima. Shekara 14 yana tafiyar da ƙasa a matsayin mai riƙon amana, cikin irin tufafin da wansa ke sawa a daji. Da wa'adi ya cika, Rama ya aika Hanuman, jarumin biri mai yi masa hidima, ya riga shi isa, ya ce ya lura da fuskar Bharata in an ba shi labarin dawowar, in ya ga alamar sarautar ta shiga ransa, to a bar masa. Bharata ya mayar da amana yana cewa baitulmali ya ninka sau goma. Ga duk mai neman misalin sarauta tagari a cikin wannan waƙa, Bharata bai gaza wansa da komai ba.

Akwai inda Rama ya faɗi yadda ake mulki dalla-dalla?

Akwai, kuma a ganina shi ne sashe mafi amfani ga wanda ba Hindu ba. A wannan haɗuwa ta Chitrakuta, kafin Rama ya san uban ya rasu, ya zaunar da Bharata yana yi masa tambayoyi a jere, kowace tambaya kuwa nasiha ce. Ka zaɓi mashawarta masu ilimi da riƙon sirri? Kana yanke shawara kai kaɗai, ko kana yi da taron da zai bazu a gari? Ka fifita mai hankali ɗaya a kan wawaye dubu? Manyan ayyuka na hannun manyan ma'aikata, ƙanana na hannun ƙanana?

Daga nan ya gangaro kan abubuwan da talaka ke ji a jikinsa. Kana biyan sojoji albashi da abincinsu a kan kari? Domin in aka jinkirta musu sai su fusata da ubangidansu, daga nan ɓarna ke farawa. Manoma da makiyaya suna jin daɗinka, tunda a kansu arzikin ƙasa ya dogara? Kuɗin shiga sun fi na fita? Dukiyar ƙasa ba ta tafiya hannun waɗanda ba su cancanta ba? Idan mai kuɗi da matalauci suka zo shari'a, alƙalanka na duba maganar ba tare da kwaɗayi ba? Ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, ba a sakinsa don ya ba da toshiya? Kana fitowa da safe jama'a su gan ka? Har ya tambaye shi ko yana cin abinci mai daɗi shi kaɗai, ko yana raba wa abokai.

A cikin jerin akwai wata magana da ya kamata a ajiye a zuciya. Rama ya ce hawayen wanda aka tuhuma bisa ƙarya suna halaka 'ya'ya da dabbobin sarkin da ke mulki don jin daɗinsa. Za mu sake cin karo da ita.

Waƙar ta kuma nuna ɗaya gefen. Bayan rasuwar Dasharatha manyan fada sun bayyana halin ƙasar da ba ta da sarki: ruwan sama ba ya sauka, ɗa ba ya jin maganar uba, mai dukiya ba ya barci ƙofa a buɗe, fatake ba sa tafiya mai nisa, mutane na cin junansu yadda babban kifi ke haɗiye ƙarami. Wannan tsoro ne ya sa suka ɗauki sarauta da nauyi haka.

Yaya ya yi da abokan gaba?

Ravana sarkin Lanka ya sace Sita ta hanyar yaudara da wata barewa mai launin zinariya. Rama ya ƙulla abota da Sugriva, ɗan gidan sarautar birai, da rundunarsa, Hanuman ya gano inda take, aka yi gada a kan teku, aka gwabza. A cikin yaƙin akwai halaye uku da ake yawan ambata. Vibhishana, ƙanen Ravana, ya gudo neman mafaka, mashawarta suka ce ɗan leƙen asiri ne, Rama ya ce duk wanda ya zo sau ɗaya ya ce ni naka ne ya sami aminci, ko da Ravana ne da kansa. A karonsu na farko, da ya ga Ravana ya jigata makamansa sun ƙare, ya ce masa ya koma gida ya huta ya dawo. Bayan ya kashe shi kuma, Vibhishana ya ƙi yi wa wansa jana'iza, Rama ya ce gaba tana ƙarewa da mutuwa, a yi masa yadda ake yi wa sarakuna. Bai haɗe Lanka cikin ƙasarsa ba, Vibhishana aka naɗa.

Sai dai akwai Vali. Shi ne sarkin birai, wan Sugriva, ya kore shi ya ƙwace masa mata. Rama ya ɓuya a bayan itace ya harbe shi yana tsakiyar faɗa da ƙanensa. Vali yana kwance cikin jini ya tuhume shi: me na yi maka, kuma wane irin ɗan sarki ne ke harbi daga ɓoye? Rama ya ce ƙasar tana ƙarƙashin gidansu, shi wakilin Bharata ne wajen hukunta mai laifi, ɗaukar matar ƙane laifi ne, ya riga ya yi wa Sugriva alkawari, sannan mafarauci ba ya sanar da dabba kafin ya harba. Vali ya karɓi amsar. Masu sharhi na Indiya sun shafe ƙarnuka suna jayayya a kanta, ni ma hujjar ƙarshen nan ba ta zauna mini ba, domin ba ka yi wa wani shari'a da dokar mutane sannan ka kashe shi da dokar farauta.

Mene ne Ramarajya da ake yawan faɗa?

Mulkin Rama ke nan bayan ya dawo an naɗa shi, wanda waƙar ta ce ya ɗauki shekara 11,000. An siffanta shi a 'yan baitoci: babu ɓarayi, babu annoba, babu tsoron namun daji, mata ba sa kukan takaba, tsofaffi ba sa binne yara, ruwa na sauka a kan lokaci, itatuwa na 'ya'ya, kowa na kan sana'arsa cikin wadar zuci. Tunanin da ke ƙasa shi ne halin sarki yana shafar komai, har damina. Yau a Indiya in aka ce Ramarajya ana nufin mulkin adalci da yalwa.

To in haka yake, me ya sa ya kori Sita?

A nan ne labarin ke yi wa mai karatu nauyi, kuma bai kamata a tsallake ba. Abin ya faru hawa biyu. Na farko a Lanka. Da aka kawo masa Sita bayan yaƙi, a gaban runduna ya ce mata ya yi yaƙin ne don wanke sunan gidansu, macen da ta zauna a gidan wani ba zai iya mayar da ita ba, ta tafi inda take so. Sita ta mayar masa da magana, ta ce ya yi mata hukunci irin na ƙaramin mutum, sannan ta sa Lakshmana ya haɗa wuta ta shiga. Ta fito ko gashinta bai ƙone ba. Rama ya ce dama ya san tsarkinta, so yake duniya ta gani.

Na biyu yana cikin littafin ƙarshe. Suna zaune lafiya a Ayodhya, Sita na da ciki, Rama ya tambayi mutanensa me ake faɗa a gari. Wani mai suna Bhadra ya ce ana yaba masa, amma ana kuma cewa yaya ya mayar da matar da Ravana ya ɗauke, yanzu mu ma dole mu haƙura da irin wannan daga matanmu, tunda abin da sarki ya yi shi talaka ke bi. Rama ya kira ƙannensa, ya ce zuciyarsa ta san Sita ba ta da laifi, amma ba zai iya ɗaukar zargin jama'a ba. Ya hana su yi masa musu. Ya umarci Lakshmana ya kai ta hayin kogin Ganga ya bar ta, da sunan ziyarar masu ibada da ta taɓa cewa tana sha'awa. Bai kira ta ya gaya mata ba. A can, a mazaunin Valmiki, ta haifi tagwaye, Kusha da Lava.

Masu kare shi suna cewa wannan shi ne ƙololuwar sadaukarwa: sarki ba shi da rayuwar kansa, amincewar talakawa ta fi farin cikinsa, kuma shi ma ya sha azabar. Suna nuni da cewa bai sake aure ba, a zamanin da sarakuna ke tara mata, har da ya zo babban bikin hadayar doki da ke buƙatar sarauniya, mutum-mutumin Sita na zinariya ya sa aka ƙera ya ajiye a gefensa. Duk wannan gaskiya ne a cikin labarin.

Amma akwai bambanci tsakanin wannan da tafiyarsa daji. Can nasa ya bayar: gadonsa, jin daɗinsa, ƙuruciyarsa. Nan kuwa hakkin wata ya bayar, wadda ita ma talakarsa ce, tana da hakkin a saurare ta kamar kowa. Ka'idar da ya kare kansa da ita gaban Jabali, cewa talakawa na koyi da sarki, ita ce aka juyo masa da ita, shi kuma maimakon ya koya wa gari cewa ba a hukunta mutum da tsegumi, sai ya bi gari. Shi ne fa ya gargaɗi Bharata game da hawayen wanda aka tuhuma bisa ƙarya. Waƙar ba ta ɓoye wannan ba. Tun a daji ya taɓa gaya wa Sita cewa zai iya rabuwa da ransa, da ita, da Lakshmana, amma ba zai saɓa alkawarin da ya yi wa masu ibada ba. Kuma Sita aka bar wa magana ta ƙarshe. Bayan shekaru, da tagwayen suka rera labarin a gaban ubansu ya gane su, ya ce ta zo ta sake rantsuwa gaban taro. Ta zo, ta ce in har ba ta taɓa tunanin wani namiji ba bayan Rama, ƙasa ta buɗe ta karɓe ta. Ƙasa ta buɗe, ta tafi, ba ta koma fada ba.

Shambuka fa?

Shi ma a littafin ƙarshe yake. Wani Brahman, wato ɗan ajin malaman addini, ya kawo gawar ɗansa ƙofar fada yana cewa laifin sarki ne yaro ya riga ubansa mutuwa. Aka ce dalili shi ne wani daga ajin Shudra, ajin masu hidima, yana yin ibadar da ba a halatta wa ajinsa ba. Rama ya nemo shi, ya tambaye shi ajinsa, ya sare masa kai, yaron ya farfaɗo. Wannan ya nuna cewa tsarin da Rama ke karewa ya haɗa da rabe-raben aji, inda haihuwa ke yanke wa mutum iyakarsa. B. R. Ambedkar, jagoran Dalit, wato waɗanda tsarin ajin ya ajiye a can ƙasa, wanda ya shugabanci kwamitin tsara kundin mulkin Indiya, ya soki Rama a kan wannan da kan Sita da Vali. Haka ma Periyar, ɗan gwagwarmayar yaƙi da rabe-raben aji a ƙasar Tamil da ke kudancin Indiya.

Duk Hindu sun yarda da waɗannan sassa?

A'a. Wasu na cewa littafin ƙarshe ba na Valmiki ba ne, don haka ba a kama Rama da abin da ke ciki. Marubutan da suka sake tsara labarin ma kowa ya yi yadda zuciyarsa ta iya ɗauka. Bhavabhuti, a ƙarni na 8, ya rubuta wasan kwaikwayo da ya ƙare da sulhu tsakanin Rama da Sita. Kamban, wanda ya tsara labarin da harshen Tamil, ya tsaya a naɗin sarauta. Tulsidas, wanda ya fara nasa da harshen Awadhi a 1574, kuma nasa ne aka fi rerawa a arewacin Indiya, bai ba da labarin korar ba, ya kuma ce wadda Ravana ya sace inuwar Sita ce kawai, ta gaskiyar tana ɓoye a cikin wuta. Yawan waɗannan gyare-gyare shaida ne cewa abin ya daɗe yana damun masu son Rama su kansu.

Yaya ya ƙare?

Da wani alkawarin. Wani baƙo, wanda Lokaci ne a siffar mai ibada, ya nemi ganawa da shi a asirce, da sharaɗin duk wanda ya shigo musu a kashe shi. Rama ya sa Lakshmana gadin ƙofa. Sai ga Durvasa, malami mai zafin rai, ya ce ko a shigar da shi yanzu ko ya la'anci ƙasar baki ɗaya. Lakshmana ya zaɓi ya mutu shi kaɗai, ya shiga. Rama ya ce a wurin mutanen kirki kora daidai take da kisa, ya sallami ƙanen da ya bi shi daji shekara 14. Ba da jimawa ba ya raba ƙasar tsakanin Kusha da Lava, ya shiga kogin Sarayu.

Labarin ya tsaya a Indiya ne, kuma Musulmi sun san shi?

Ya yi nisa ƙwarai. A Tailan ana kiransa Ramakien, tsohon babban birninsu Ayutthaya daga Ayodhya ya samo suna, kuma sarakunan gidan Chakri ana lissafa su da sunan Rama, na yanzu shi ne Rama na 10. Kambodiya na da nata, an sassaƙa labarin a bangon haikalin Prambanan a tsibirin Java na Indunusiya, Malayawa kuma suna da Hikayat Seri Rama, wadda aka rubuta da haruffan Larabci. Mabiya Buddha da mabiya Jain ma kowa da irin nasa. A Indiya kanta, Sarki Akbar na daular Mughal ya sa malaminsa Abdulƙadir Badauni ya fassara Ramayana zuwa Farisanci a shekarun 1580, aka kuma ƙawata ta da zane-zane.

Me ya haɗa sunan Rama da siyasar Indiya ta yau?

Mahatma Gandhi ya yi ta amfani da kalmar Ramarajya a gwagwarmayar neman 'yanci. A 1929 ya bayyana cewa ba mulkin Hindu yake nufi ba, yana nufin mulkin Allah, inda mafi ƙasƙancin talaka zai sami adalci da sauri ba tare da kashe dukiya ba. Wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi ne ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948, kuma sunan Ram ne a rubuce a wurin tunawa da shi a Delhi.

Daga baya sunan ya ɗauki wata hanya. A 1987 da 1988 gidan talabijin na gwamnati ya nuna labarin a jere duk ranar Lahadi, tituna na yin tsit lokacin da ake nunawa. A 1990 L. K. Advani na jam'iyyar BJP ya zagaya ƙasa da mota mai siffar keken yaƙi yana neman a gina wa Rama haikali a Ayodhya, a daidai inda Masallacin Babri yake tun ƙarni na 16, wurin da masu wannan kira ke cewa nan aka haife shi. Ranar 6 ga Disamba 1992 taron jama'a ya rushe masallacin, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kimanin 2,000, mafi yawansu Musulmi. Ranar 9 ga Nuwamba 2019 Kotun Ƙolin Indiya ta ce rushewar keta doka ce, amma ta ba da filin don gina haikali, ta ce a ba Musulmi eka biyar a wani wuri. Firayim Minista Narendra Modi ne ya jagoranci buɗe haikalin ranar 22 ga Janairu 2024.

Hindu da yawa sun ɗauki wannan rana a matsayin dawowar Rama gida. Wasu Hindun kuma, tare da Musulmin Indiya, suna tambaya ko sarkin da ya bar gado don kada a zubar da jini a Ayodhya, wanda ya tambayi ƙanensa ko mai ƙarfi da mara ƙarfi daidai suke gaban alƙalansa, zai yarda a karɓar masa fili ta wannan hanya. Wannan muhawara tana nan da ranta a jaridu da jami'o'i da kotunan ƙasar, inda ake ci gaba da shigar da ƙararraki a kan wasu tsofaffin masallatai a Varanasi da Mathura.